Cinikin 'yan besbol tsakanin Japan da Amurka: ƙofar fita daban, ta shiga daban

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ƙungiyoyin besbol na Amurka da na Japan suna musayar 'yan wasa, irin ba ni gishiri in ba ka manda, ko kuwa saye suke kamar a ƙwallon ƙafa. Musaya dai a cikin gida ake yinta, kulob da kulob na gasa ɗaya. Tsakanin gasar MLB ta Amurka mai ƙungiyoyi 30 da NPB ta Japan mai 12, hanyoyi biyu ne, kuma ba su yi kama da juna ba.

Mu fara da mai barin Japan, don can rigimar take. Ɗan wasan Japan ba ya da ikon tafiya waje da kansa sai ya cika shekara 9 yana buga wa babbar tawaga. In yana son tafiya kafin nan, sai kulob ɗinsa ya yarda ya sa shi a kasuwa, ƙungiyoyin Amurka su yi zawarcinsa cikin kwana 45. In an daidaita, kulob ɗin Japan ya karɓi kuɗin sallama. In ba a daidaita ba, ya koma gida ya ci gaba da wasa. Kuma kulob na iya cewa a'a, ba mai tilasta shi. SoftBank Hawks sun shahara da ƙin sakin kowa, shi ya sa Kodai Senga ya jira har wa'adinsa ya cika, ya tafi New York Mets a ƙarshen 2022, su kuwa ko sisi ba su samu ba.

Wannan tsari ba don daɗi aka kafa shi ba. A 1995 Hideo Nomo ya gano wata kafa a dokar: ya ce ya yi ritaya daga Kintetsu Buffaloes, sai ga shi yana wasa a Los Angeles Dodgers. Bayan shekara biyu Chiba Lotte suka miƙa wa San Diego Padres haƙƙin Hideki Irabu ba da yardarsa ba, ya kafe shi Yankees yake so, kuma can ya ƙare. A 1998 ɓangarorin biyu suka zauna suka toshe kafar.

Da farko gwanjo ake yi a rufe. Kowane kulob ya rubuta tayinsa, wanda ya fi tsoka shi kaɗai zai yi magana da ɗan wasan. Haka Seattle ta biya Orix kusan dala miliyan 13 kan Ichiro Suzuki a 2000, Boston ta biya Seibu miliyan 51.1 kan Daisuke Matsuzaka a 2006, kuɗin da ya kusa kai albashinsa na shekara shida gaba ɗaya. Ɗan wasa ba shi da zaɓi, ko ya karɓa ko ya zauna gida. A 2013 aka ƙayyade kuɗin sallama kada ya wuce miliyan 20, daga 2018 kuma aka mai da shi kaso daga cikin kwantiragi.

Ga yadda lissafin yake a kan Yoshinobu Yamamoto, wanda ya sa hannu da Dodgers a Disamban 2023, shekara 12 a kan dala miliyan 325. Kashi 20 cikin ɗari na miliyan 25 na farko, miliyan 5 ke nan. Kashi 17.5 na miliyan 25 na biyu, miliyan 4.375. Kashi 15 na ragowar miliyan 275, miliyan 41.25. Orix, kulob ɗinsa na Japan, ta tashi da miliyan 50.6, kuma Dodgers ce ta biya daga aljihunta, ba a taɓa albashin yaron ba.

Inda ni nake ganin an kwari Japan shi ne dokar shekara 25. Wanda bai kai 25 ba, Amurka na ɗaukarsa a matsayin ɗan koyo, ƙaramin kwantiragi kawai za a ba shi da ɗan kuɗin sa hannu. Shohei Ohtani, duk girmansa, miliyan 2.3 ya karɓa lokacin da ya shiga Angels a 2017. Roki Sasaki ya karɓi miliyan 6.5 a Janairun 2025, kulob ɗinsa Chiba Lotte ya samu rubu'in wannan, wajen miliyan 1.6. Ka ajiye shi kusa da miliyan 50.6 na Orix ka gani. Shi ɗan wasa zai iya fanshewa daga baya, kamar yadda Ohtani ya yi da kwantiragin miliyan 700, amma kulob ɗin da ya raine shi ba ya da kaso a ciki.

Mai zuwa Japan daga Amurka kuwa ba ya buƙatar duk wannan. Yawanci wanda kwantiraginsa ya ƙare ne, ko wanda ya gaji da hawa da sauka tsakanin babbar tawaga da ƙananan gasa. In yana ƙarƙashin wani kulob, na Japan ya biya ɗan abin da aka sasanta a sake shi. Matsalarsa gurbi ce: baƙi huɗu kacal kulob zai iya sa wa cikin jerin 'yan wasan ranar wasa, don haka in bai yi abin kirki da wuri ba, benci ko jirgi. Kwantiragin ma galibi na shekara ɗaya ne.

Wasu sun je sun zama sarakai, kamar Randy Bass a Hanshin Tigers cikin 1985 da 1986. Wasu sun mai da Japan wurin gyaran suna. Cecil Fielder ya yi kaka ɗaya a Hanshin a 1989, ya fitar da ƙwallo daga fili, wato bugun da ke kawo maki kai tsaye, sau 38, ya koma Detroit a 1990 ya yi 51. Miles Mikolas ya yi shekara uku a Yomiuri Giants, ya dawo St. Louis a 2018 ya ci wasa 18. Irin waɗannan in kwantiraginsu ya ƙare tafiyarsu kawai suke, kulob ɗin Japan ba ya karɓar komai.