Manhajar tace hoton PET: abin da na gani a ɗakinmu

Wata shida ke nan muna amfani da wata manhajar ƙirƙirarriyar basira mai share dishi-dishin hoton PET, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka don duba cututtuka irin su ciwon daji, a sashenmu na asibiti, kuma gaskiya ta shiga raina.

Da, bayan an yi wa majinyaci allurar FDG (wani irin sukari mai ɗan radiyeshan da na'urar ke iya gani a jiki) ya jira kamar awa ɗaya, sai ya kwanta hannuwa sama, ba motsi, kusan minti 20. Yanzu mun rage rabin lokacin kwanciyar, tunda manhajar tana share dishi-dishin da gaggawa ke jawowa. Akwai wani dattijo mai ciwon dajin huhu da kafaɗa ke damunsa, da na ce "Baba, an gama," sai ya ɗago yana tambaya ko na'urar ce ta lalace. Hantarsa kuwa ta fito sumul a hoto, ba tabo-tabon nan da muka saba gani idan an gaggauta.

Inda hankalina bai kwanta ba shi ne ƙananan ƙulluttai, waɗanda ba su kai santimita 1 ba. Sau biyu na ga manhajar ta dushe su, ƙimar SUV, wato ma'aunin yawan FDG da ƙullutun ya zuƙa, ta sauka kaɗan. Da wannan ƙimar ake duba ko magani yana aiki, don haka kullum nakan tura wa likita hoton asali tare da tataccen, ya gwada su gefe da gefe.