Guzurin gida ko na bakala, wanne ya fi a tafiyar ƙafa?

Ɗan'uwa da ya ce shi da abokansa za su yi kwana biyar a ƙafa a tsohuwar hanyar alhazai ta Zubaida, wajen garin Ha'il a Saudiyya, jaka a baya, yana tambaya ko gwangwanayen bakala (kantin kayan masarufi) zai loda ko guzurin gida: ga abin da na gani.

Kafin ka auna abinci, auna ruwa. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, kuma tafkunan da aka gina wa alhazai a hanyar tun zamanin Abbasiyawa ba abin dogaro ba ne yanzu. Saboda haka duk abincin da sai an dafa, ka san yana ci daga ruwan shanka.

A nan kayan bakala suke faɗuwa. Indomie ba ta da nauyi, gaskiya ne, amma ƙulli ɗaya na neman kusan rabin lita, ga gas, ga wanke tukunya, sannan ba a jimawa yunwa ta dawo. Ful (dafaffen wake) na gwangwani kuwa rabinsa ruwa ne, ka ci ka gama, gwangwanin yana nan a bayanka har ƙarshen tafiya. Burodin tamis yini ɗaya ya zama katako. Abin da zan yaba musu shi ne kifin tuna mai mai da madarar gari, sai Quaker don sanyin asuba.

Guzurin gida fa? Kakanninmu da suka taka daga Kano har bakin Bahar Maliya ba da gwangwani suka zo ba. Garin kwaki ka jiƙa da sukari da ƙuli-ƙuli, ruwan da ka zuba cikinka ya tafi, ba wuta ba wanke-wanke. Gyaɗa ita ce sarauniya: giram 100 na ba da kalori sama da 550, dabino kuwa kusan 280, don mai ya ninka sitaci ƙarfi. Dakuwa ta haɗa gyaɗa da zaƙi wuri guda. Dambun nama idan ya soyu ya bushe sarai yana kai mako lafiya lau.

Sai dai ka yi hattara da kilishi. Na taɓa cika ciki da shi da hantsi, yaji da gishiri suka sa na shanye ruwan la'asar tun kafin azahar. A bar shi sai dare, kaɗan.

Da ni ne, kashi uku cikin huɗu na gida zan ɗauka, sauran daga bakala. Kowace rana da ledarta, a ƙulle, don kada a cinye na Alhamis ran Talata. Kada kuma ka bar ƙaramin risho a gida don gudun nauyi. Daren Ha'il da hunturu sanyinsa yana iya kaiwa digiri sifiri, kuma garin kwaki mai sanyi ba zai yi maka aikin shayi ba.