Sanƙarau: Jinya a Gida ko Garzayawa Asibiti?

Idan zafin bazara ya tsananta a ƙauyukan Jigawa, yaro ya tashi da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, iyaye kan rasa zaɓi tsakanin jinya a gida da garzayawa asibiti. Zaman gida ba ya cin kuɗi, amma jiƙe-jiƙe ba sa kashe ƙwayar cutar da ke kumbura tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, wadda kan yi kisa cikin awa 24, tana kuma bin tari da atishawa zuwa ga sauran yaran da ke kwana ɗaki ɗaya. Asibiti kuwa akwai nisa da kuɗin mota, abin da ba na rainawa, sai dai allurar da aka fara da wuri tana ceton rai, tana rage haɗarin kurumta.