Kora a kan yaro: man shafawa ko ƙwayar sha?

Assalamu alaikum. Ƙanwata, ki ajiye maganar man shafawa, ki kai yaron CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarku, a auna nauyinsa a rubuta masa ƙwayar sha. Tun da kin ce shekararsa 7, kuma wuraren da gashin ya zube suna da farin amosani ga ƙaiƙayi, to alamun kora ke nan, wadda likitocinmu suke rubutawa teigne a takardar magani, kuma tsakanin man da mai shago ya nuna miki da ƙwayar da maƙwabciyarki ta ambata babu wani dogon zaɓi.

Abin da ke kawo kora wata ƙwayar cuta ce dangin fumfuna, wadda take ci daga sinadarin da ya gina gashi da farce da saman fata. Idan a jiki ta sauka, inda muke ce mata makero, a saman fata take zama tana yin zobe tana faɗaɗa, don haka man shafawa yana cim mata. A kai kuwa ramin gashi take bi ta gangara ciki, ta kama silin gashin kansa ta rarake shi har ya karye daf da fata, kuma ɗigo-ɗigon baƙi da akan gani a tsakiyar wurin kututturen gashin da ya karye ne. Man da aka shafa a sama ba ya isa can. Yana iya share amosanin, wurin ya yi sumul, uwa ta ce an samu sauƙi, alhali aikin bai wuce na mai yaɓe bangon da gara ta riga ta cinye ta ciki ba. Ƙwayar sha ta jini take bi ta isa saiwar gashi, ta zauna a cikin sabon gashin da ke tsirowa ta hana cutar kama shi, har mai ciwon ya fito waje a aske shi. Shi ya sa maganin yake jan lokaci, domin da tsirowar gashi yake tafiya, gashi kuwa kusan santimita 1 yake ƙaruwa a wata.

Ƙwayar da aka fi bai wa yara ita ce girizofulbin, a jikin kwali za ki ga an rubuta griséofulvine. Tsohon magani ne, an gano shi a 1939, an fara bai wa mutane shi wajen 1958, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Da nauyin yaro ake lissafa shi, kimanin miligiram 20 ga kowane kilo a rana, na tsawon sati 6 zuwa 8, wani lokaci fiye. Na faɗi adadin ne don ki fahimci dalilin ɗora yaro a kan sikeli, lissafin kansa ki bar wa ma'aikacin lafiya.

Da shi aka yi wa ɗana na biyu magani yana ƙaramin aji a lakwal. Yaron da ba ya zama wuri ɗaya sai ga shi ya daina fita ƙwallo, yana cusa hula har kunne a tsakiyar zafin bazara saboda tsokanar abokai. Majo, wato babban ma'aikacin lafiya na CSI, ya cire hular, ya duba wurin, ya latsa bayan wuyansa ya ji kaluluwa, ya ɗora shi a sikeli, sannan ya ja mini kunne a kan abu biyu: kada a ba shi da cikin wofi, domin hanji ya fi tsotsar wannan magani idan ya haɗu da abinci mai maiƙo, kuma kada a tsaya don an ga gashi ya fara dawowa. Nakan murƙushe ƙwayar tsakanin cokali biyu bayan tuwon dare, in dama a cikin kindirmo da ɗan man shanu, ya shanye yana yamutsa fuska. Da farko ba a ga komai ba, har kakarsa ta fara cewa an zubar da kuɗi. Ƙaiƙayin ne ya fara tafiya, sannan matashin kansa ya daina yin fari da safe, sai wata rana ina shafa masa kai na ji laushin sabon gashi a tafin hannuna a wurin da a da yake fayau. Da kansa ya rataye hular a ƙusa. Mun ci gaba har ranar da aka rubuta, kuma yau mai askinsa ƙorafin yawan gashin yake yi.

Man shafawar da muka gwada masa kuwa ragowarsa tana nan a cikin kwalla. Ban ce ba shi da amfani ba, idan kulotirimazol ne ko mikonazol zalla yana kashe makero a wuya ko a hannu cikin sati 2 zuwa 4, amma a kai asarar kuɗi ne.

Wataƙila likita ya rubuta tarbinafin a maimakon girizofulbin, kada hankalinki ya tashi. Shi sati 4 ya saba ɗauka, kuma ya fi ƙarfi a kan dangin cutar da ake kira Tirikofiton, yayin da girizofulbin ya fi shi a kan dangin Mikrosporom. Ido ba ya raba su a kowane lokaci, sai an kankari amosanin an ciri guntayen gashi an kai ɗakin gwaji, kuma idan abin ya gagara a unguwa sukan tura mutum babban asibitin ƙasa na nan Damagaram. Tarbinafin ɗin ne kuma ake bai wa manya idan cutar ta shiga farce ya yi kauri yana marmashewa, sati 6 ga farcen hannu, sati 12 ga na ƙafa. Ki roƙi a haɗa muku da sabulun ruwa na wanke kai mai ketokonazol kashi 2 cikin 100, a wanke sau biyu a sati, a bar kumfar kamar minti 5 kafin a ɗauraye. Shi kaɗai ba ya warkarwa, amma yana rage ƙwayoyin cutar da ke zuba daga kan yaro zuwa kan 'yan uwansa.

Ba ki tambaye ni wannan ba, amma dole in faɗa. Ki yi hattara da masu tallan magani a faranti da tebur a bakin kasuwa da tasha. Za a miƙo miki mai mai kyan kwali, a rantse miki cewa uku ne a cikin ɗaya, yana maganin kora da kyasbi da ƙazuwa da kurajen fuska gaba ɗaya. Ki juya kwalin ki karanta ƙananan rubutun. Idan kin ga betametazon ko kulobetazol, waɗanda ake rubutawa bétaméthasone da clobétasol, to dangin kotizon ne masu ƙarfi, irin waɗanda ake zubawa a cikin man canza launin fata. Suna kwantar da ƙaiƙayi da ja cikin 'yan kwanaki, abin da ke sa mai saye ya koma ya ƙara saye, amma garkuwar fatar suke danne wa, cutar ta samu fili ta bazu, kamanninta kuma su sauya har likita ya sha wuya kafin ya gane ta. Idan aka daɗe ana shafawa fata takan yi siriri ta tsattsage, kuma fatar yaro ta fi ta babba tsotsar irin wannan magani. Haka ƙwayoyin da ake ƙirgo miki a ƙulle a leda, babu kwali babu ranar lalacewa, sun wuni a ranar da a watan Afrilu da Mayu take wuce digiri 40. Mai sayarwa zai ba ki na kwana biyar daidai kuɗin hannunki ya ce ya isa, alhali ko da maganin na gaskiya ne kwana biyar ba ya yi wa kora komai. Ki saya a farmasi da takardar likita, ki duba ranar lalacewa a gaban mai sayarwa, kuma in da hali ki sayi na dukan lokacin a tashi ɗaya don kada a yanke a tsakiya.

Masu ba da shawarar man birki, ruwan batir ko dakakkiyar tafarnuwa su ma ki ba su haƙuri. Ƙuna suke yi, kuma inda tabo ya zauna a fatar kai gashi ba ya sake fitowa. Idan kin ga wurin ya kumbura ya yi laushi yana tsatsafo da mugunya ta ƙofofi da yawa, abin da likitoci ke kira keriyon, kada a kai shi wurin wanzami a tsaga, domin ba maruru ba ne. Faɗan jiki ne da cutar, ƙwayar shan ce maganinsa, kuma jinkiri a nan shi ne ke barin sanƙo na dindindin. In kuma wurin sumul yake tun farko, babu amosani babu ƙaiƙayi babu karyayyen gashi, ki faɗa wa likita haka, domin akwai wata zubar gashi dabam mai suna pelad wadda duka magungunan nan biyu ba su shafe ta ba.

Girizofulbin yakan sa ciwon kai ko tashin zuciya, kuma yana sa fata ta ƙi jure rana, don haka a rage masa yawon tsakar rana. Idan idonsa ya yi rawaya ko kuraje suka feso masa, a tsaya a koma asibiti. Mai ciki ba ta shan sa, mai ciwon hanta ma haka, saboda haka kada wata a gidan ta ga ya yi wa yaro aiki ta ɗiba ta sha don makeron jikinta.

Ranar da za ki je, ki tafi da ƙannensa da yayyensa a duba kawunansu, har da 'yan matan da kitso ke ɓoye musu wurin, domin wani yakan ɗauki cutar ba tare da alama ba ya mayar wa wanda ya warke. A ware masa matsefinsa da hularsa da tawul ɗinsa, a wanke rigar matashi da ruwan zafi a shanya a rana, kuma ki gaya wa mai askinsa ya tsabtace injin kafin ya taɓa kansa da kuma bayan ya gama.