SQLite ko PostgreSQL: wanne ya dace da manhajar sharhin kofi?

Ɗan'uwa, ka ce kana gina manhajar intanet inda mutane za su riƙa rubuta sharhi a kan nau'o'in kofi, su ba kowanne maki daga 1 zuwa 5, kuma ka rasa rumbun bayanan da za ka ɗora ta a kai tsakanin SQLite da PostgreSQL. Shawarata ita ce ka fara da SQLite, matuƙar inda za ka ajiye manhajar yana da faifan da ba ya gogewa.

SQLite, wanda Richard Hipp ya fitar a shekarar 2000, fayil ne guda ɗaya da ke zaune kusa da manhajarka. Ba ya buƙatar sabar ta musamman ko kalmar sirri, shi ya sa Django, wato kayan aikin gina manhajojin intanet da harshen Python, ke zuwa da shi a matsayin zaɓin farko. PostgreSQL kuwa ya samo asali ne daga aikin Michael Stonebraker a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1986, kuma sabar ce mai zaman kanta, wato shiri ne dabam wanda manhajarka ke aika wa buƙatunta, don haka sai ka girka ta, ka buɗe asusu, ka tsara izini kafin ka rubuta ko layi ɗaya.

Babban bambancinsu yana wajen rubutu. SQLite mutum ɗaya yake bari ya rubuta a lokaci guda, sauran su jira, idan jiran ya yi tsawo kuma manhajar ta sami saƙon cewa rumbun a kulle yake, alhali PostgreSQL yana karɓar marubuta da yawa a tare. To amma ka dubi yanayin aikinka da kyau. Masu shigowa su karanta abin da aka faɗa a kan kofin Yirgacheffe na Habasha sun fi masu rubutawa yawa nesa ba kusa ba, kuma adana sharhi guda ba ya cin ko daƙiƙa ɗaya. Idan ka kunna tsarin WAL, wanda aka ƙara wa SQLite a 2010 kuma yake fara ajiye sabon rubutu a wani fayil na gefe, masu karatu ba za su tsaya jiran mai rubutu ba. Masu SQLite da kansu sun ƙiyasta cewa shafin da ziyararsa take ƙasa da 100,000 a rana zai yi aiki lafiya da shi.

Inda nake so ka yi hattara shi ne sassaucin SQLite. Za ka buƙaci tebur uku: na kofi, na masu amfani, da na sharhi wanda ke haɗa su. Idan kuskure ya sa kalmar "biyar" ta shiga gurbin maki a maimakon lamba 5, PostgreSQL zai ƙi karɓa nan take, SQLite kuwa zai adana ta, sannan wajen lissafin matsakaicin maki ya ɗauke ta a matsayin sifili, kofi mai kyau ya faɗi ƙasa ba wanda ya san dalili. Haka nan, idan ka goge wani kofi, sharhinsa za su zauna marayu, domin SQLite ba ya tilasta alaƙar tebur da tebur sai ka ba shi umarnin PRAGMA foreign_keys = ON a kowane haɗi. Maganin yana da sauƙi: ka sa ƙa'idar CHECK ta taƙaita maki tsakanin 1 da 5, ka sa UNIQUE don kada mutum ɗaya ya yi wa kofi ɗaya sharhi sau biyu, kuma ka ayyana teburan a matsayin STRICT, tsarin da aka samar a 2021 wanda ke hana kalma shiga gurbin lamba.

Game da kwafin ajiya, kada ka kwafi fayil ɗin SQLite kai tsaye ana cikin rubutu, domin kwafin na iya lalacewa. Ka yi amfani da umarnin VACUUM INTO, wanda ke fitar da lafiyayyen kwafi a sabon fayil. A PostgreSQL, pg_dump ne ke wannan aikin.

Yanzu ga sharaɗin da na ambata a farko. Wasu kamfanonin da ke ba da masauki ga manhajoji suna share faifan duk lokacin da aka sake tayar da manhajar, fayil ɗinka ya tafi tare da duk sharhin da mutane suka ɓata lokacinsu suka rubuta. Idan irin wannan masauki za ka kama, ko kana shirin tafiyar da manhajar a kan sabar biyu, to PostgreSQL ne kawai ya dace tun daga ranar farko. In ba haka ba, ka rubuta teburanka ta hanyar Django ko SQLAlchemy (kayan aikin Python da ke haɗa manhaja da rumbun bayanai), domin ranar da za ka ƙaura, yawancin aikin zai tsaya ne ga sauya adireshin haɗi da kwashe bayanan.