Fensir 2H ko 6B: wanne ya fi kama tafiyar raƙumi a zane?

Ƙannenmu masu koyon zane a nan Jidda sun dame ni da tambayar nan, wato tsakanin fensir mai tauri (2H) da mai taushi (6B), to ga abin da hannuna ya gani.

Raƙumi na ɗaga ƙafafun ɓangare ɗaya tare, shi ya sa yake rangaji. A kasuwar raƙuma ta garin Buraida, nan Saudiyya, na gwada 6B: in ka danna, layin ya yi kauri a kafaɗa inda nauyi ya sauka, in ka sassauta, ya sirance har wuya. Motsin yana cikin layin kansa. Sai dai yana saurin ƙarewa, kullum kana fiƙewa, kuma gumin tafin hannu kaɗai ya isa ya dame maka takarda.

2H kuwa akwai yumɓu da yawa a bakinsa, layinsa siriri ne, mai tsabta, ga daɗewa. Yana fito da gashin ido da tsagar leɓe sosai, amma in ka danna sai ya bar kwari a takarda wanda abin gogewa ba ya cirewa. Kuɗinsu kusan ɗaya ne.

Mai zana dabba tana tafe, ya riƙi 6B. Mai zama da hoto yana auna gaɓoɓi a natse, 2H ya fi masa.