Injiniyan da ya duba mana ɗakin ƙarƙashin ƙasa a Kolombus

Gidan da muka saya a Kolombus, babban birnin jihar Ohayo ta Amurka, ginin 1962 ne, kuma kamar yawancin gidajen yankin yana da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa mai bangon bulo. Mun yi niyyar mayar da shi masaukin baƙi, sai dai wata tsaga ta ratsa bangon arewa a kwance, ga kuma filar ƙarfe a tsakiyar ɗakin da uwargida ta dage sai an cire.

Kamfanoni biyu masu gyaran harsashin gini sun zo sun duba kyauta, kuma kowannensu ya gano cewa maganin matsalarmu shi ne ainihin kayan da yake sayarwa. Wannan ne ya sa muka nemi injiniya mai zaman kansa, bayan mun tabbatar da lasisinsa a wurin hukumar rajistar injiniyoyi ta jihar, domin a Amurka kowace jiha ce ke ba da nata lasisin.

Mutumin ya shafe kusan awa biyu, kuma rabin lokacin a waje ya yi shi, yana zagaya gidan yana duba inda indararo ke zubar da ruwa. Ya bayyana mana cewa ƙasar wurin yumɓu ce, tana riƙe ruwa ta kumbura, idan hunturu ya zo kuma ta daskare ta riƙa tura bangon zuwa ciki, shi ya sa tsaga a kwance ta fi ta tsaye abin damuwa. Da ya auna, ya tarar karkacewar bangon ba ta kai inci ɗaya ba, saboda haka ya ce a fara nisantar da ruwa daga gindin gida, sannan a ƙarfafa bangon ta ciki ba tare da an tona waje ba. Maganar fila kuwa bai ɓoye mana komai ba: ita ce ke tallafe da bim, wato doguwar azarar da ke ɗauke da daɓen sama, kuma cire ta na buƙatar bim mafi kauri da sabon harsashi. Uwargida ba ta ji daɗi ba, amma ta haƙura. Shi ne kuma ya tuna mana cewa ɗakin kwana a ƙarƙashin ƙasa dole ya samu tagar tsira daga gobara, wadda nisan gindinta daga daɓe bai wuce inci 44 ba.

Inda ya gaza shi ne cika alkawari. Rahoton da ya ce zai kawo cikin kwana goma sai da ya kusa wata guda, kuma samunsa a waya jan aiki ne. Haka nan bai faɗa mana tun farko ba cewa dala 500 da muka biya kuɗin dubawa ne kawai, zane mai hatimi da za a kai ofishin izinin gini kuɗinsa daban. Duk da haka zanen ya wuce ba tare da an dawo da shi gyara ba, kuma ɗan kwangilarmu ya yi aiki da shi bai sake kiransa neman ƙarin bayani ba.